Gwajin Mudi da Gayyar Ubansa

Akwai wata Asabar ta tsakiyar damina da har yau ba ta sauka daga kaina ba, kuma tunda an ce mu tsofaffin malaman wasanni mu ba ku labarin aiki, ita zan ba ku. Na san kuna jiran in kawo zancen kofunan da muka ɗauko a Gummi da Bukkuyum. Waɗannan suna can cikin kabad ɗin shugaban makaranta suna tsatsa, mai so ya je ya gani. Labarina na ƙyashi ne, kuma ni ne mai ƙyashin.

Shekara ashirin da shida na yi ina malamin wasanni a wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo a ƙasar Anka. Ga wanda bai san aikin ba, da safe kana aji kana koyar da motsa jiki da kiwon lafiya, da la'asar kana fili. Ni ne koci, ni ke zana layin fili da toka, ni ke ɗinke raga in awaki sun yaga ta, ni ke ɗaure targaɗe. Ba wanda ke kirana koci ma, Malam Gems ake ce mini, wato malamin wasanni, har matata in tana son tsokana.

A cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai Lawali. Yana aji ɗaya ya zo fili ba takalmi, na ɗora shi a baya, lamba biyar, na koya masa yadda ake tare mutum ba tare da an karya shi ba. Ya gama, ya tafi ya yi karatun malanta, ya ƙara da digiri, aka turo shi ƙarƙashina. Shekara huɗu yana ɗaukar mini buhun ƙwallo yana ce mini Maigida. Daga nan aka ba shi tasa makarantar a ƙasar Bukkuyum, ya kuma samu ya je wani kwas na masu horarwa a Kudu, ya dawo da takarda mai tambari.

Sai wata kwalejin horar da malamai ta jiharmu ta ce tana neman koci. Wannan kujera, ban ɓoye muku ba, na fi shekara goma ina mafarkinta. Na sa takarda. Bayan kwana biyu sai ga Lawali a zaurena, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce shi ma yana so ya nema, amma in na ce ya janye zai janye a take. To kun san mu da kara. Na ce masa haba, ya nema mana, rabo na Allah ne. A zuciyata kuwa jira nake ya mayar mini da karar, ya ce a'a Maigida, ba zan ja da kai ba. Yaron nan ya yi godiya, ya sa takalminsa ya tafi. Aka yi ganawar ɗaukar aiki, ina matakin albashi na goma sha uku yana na tara, amma shi ke da digiri. Aka ɗauke shi.

Tun daga ranar wani abu ya zauna mini a ƙirji. In ya zo gida hutu sai ya zo a farar motar kwaleji, da rigar atisaye an rubuta sunansa a baya, yara suna bin motar suna Koci, Koci. Wata rana na kunna rediyo na ji shi yana bayanin yadda ake tsara 'yan baya, kalma da kalma abin da na koya masa a ƙarƙashin darbejiyar filinmu. Na kashe rediyon da ƙarfi har murfin batir ya faɗi. Matata ta ce rediyon dai ba shi ya yi ganawar ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ladabinsa bai ragu ba. Da ya yi girman kai da na samu abin kamawa. Amma duk Sallah sai ya zo ya durƙusa, ni kuma in sa masa albarka ta fatar baki kawai.

Yanzu bari in bayyana muku ƙa'idar da labarin ya rataya a kai. Kwalejin tana ware 'yan gurabe kaɗan duk shekara don 'yan wasa, yaran da sakamakonsu ya kai mafi ƙarancin abin da ake nema amma ba zai ba su shiga a layin kowa da kowa ba. Koci zai sanar da makaranta, malamin wasanni ya rubuta sunayen 'yan ajin ƙarshe, shugaban makaranta ya buga hatimi. Koci zai zo da jami'in ɗaukar ɗalibai, rana ɗaya tak ga kowace makaranta, su kalli wasa da idonsu. Wanda bai taka fili ranar ba, ko shi ne wa, babu shi. Wanda aka zaɓa kuma za a ba shi fom, uba ko waliyyi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a mayar kafin ranar rufewa.

A shekarar ina da yaro ɗaya da ban taɓa riƙe irinsa ba, Mudi. Daga wata tunga yake zuwa a kan hanyar Dareta, kullum a tsohon keke. Ubansa, Malam Ummaru, manomi ne, shi ya riƙo hannunsa ya kawo shi makaranta, da ya ji yaron na son ƙwallo ya nemo ni har fili ya ce ga amana. Mudi mai hagu ne, lamba goma sha ɗaya. In ya ja ƙwallo a gefen layi sai ka ga 'yan baya suna karo da juna. Damarsa kuwa da farko ba ta da amfani sai taka keke. Shekara biyu ina tsayar da shi a bayan ɗakin gwaje-gwaje bayan kowa ya tashi, yana dukan bango da ƙafar dama har ta koyi magana. Sa'o'insa na tunga duk sun watsar da boko sun shiga ramin zinare. Shi kaɗai ya kai ajin ƙarshe, kuma na san takardunsa, tsaka-tsaki ne. In ba ta gurbin 'yan wasa ba, Mudi ba zai ga ƙofar kwaleji ba.

An gama jarrabawar fita, amma 'yan ajin ƙarshe suna ci gaba da zuwa atisaye. Ran wata Litinin Mudi ya same ni ya ce yana neman izini, Asabar ta sama ba zai zo ba, Baba ya kira gayya a babbar gonarsu ta gero, za a yi maimai, wato noma na biyu. Na ce Allah ya sa albarka. Ran Laraba sai ga wayar Lawali. Bayan gaisuwa ya ce zai zo gwaji, yana da Asabar uku a buɗe, ya lissafo mini su.

“Maigida, kai za ka yanke rana, duk wadda ka ce ita ce,” in ji shi. “Na ji labarin mai hagun nan naka. Shi nake so in zo in ɗauka.”

In zo in ɗauka. Kamar buhun gero ne na ajiye masa a rumbu. Shekara shida ina shan rana da yaron nan, sai ya zo a farar mota ya kwashe, gobe a ji a rediyo Koci Lawali ya gano wani yaro a ƙauye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban yi dogon tunani ba, wallahi ko numfashi biyu ban ja ba, na ba shi Asabar ta sama.

Ku 'yan birni da aka turo mana, sai na gaya muku mece ce gayya kafin ku gane girman abin da na yi. Mai gona zai raba goro tungaye, samari su zo da fartanyoyinsu, kalme a bakin mutanenmu, su nome masa gona a yini ɗaya, ga makaɗa, ga fura, ga tuwo. Ba lada ake biya ba, zumunci ne, yau gonarka gobe tawa. Malam Ummaru ya yi shekaru yana tura Mudi gayyar mutane, bana ce tasa. Kuma babban ɗan mai gona shi ke jan gaba, shi makaɗi ke fara yi wa kirari, shi ne na ƙarshen ajiye fartanya. In babu shi, ka mayar da 'ya'yan mutane 'yan ƙodago ke nan, naka yana can yana hutawa. An riga an raba goro, ba a ɗaga rana. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina, ni ma ɗan manomi ne.

Dabarar ta yi mini daɗi saboda ba ta da ƙura. Sunan Mudi na sa shi na farko a takarda, shugaban makaranta ya buga hatimi. Wa zai ce na hana shi? Washegari na tara yara na sanar da rana. Mudi ya jira kowa ya watse ya zo ya tsaya, kansa a ƙasa, ya ce Malam ranar ce fa. Na ce masa kwaleji ce ta sa rana, ba ni ba, kuma babu abin da ya kai biyayyar iyaye, ya je ya yi wa ubansa noma, Allah zai kawo wata hanya. Har da jawo masa wa'azi. Na koma gida ina jin kaina kamar wani mutumin kirki.

Ran Asabar motar ta iso da hantsi. Lawali ya sauko ya gaishe ni a gaban yara har ƙasa, ya gabatar da jami'in, wani dattijo mai tabarau da ba ya dariya. Suka ce kafin la'asar za su kama hanya, don kun san halin hanyoyinmu. Na raba yara gida biyu, masu jesi da marasa riga. Lawali ya duba takarda, ya duba fili, ya tambaye ni ina na farko. Na ce ubansa ya kira gayya, ka san mutanenmu. Ya kalle ni kaɗan, ya hura usur.

An tafi hutun rabin lokaci babu ci, jami'in yana ta hamma. Sai na ji yara suna gunaguni suna kallon bakin hanya. Mudi ne a kan keke, laka har gwiwa, rigar noma a jikinsa, tafin hannunsa duk kanta. Ashe tun asuba yake gona yana jan gaba, da aka tsaya shan fura sai ya zagaya ta bayan dawa ya hau keke. Ya jefar da keken a bakin layi, ya zo gabana yana haki, ya ce Malam na zo. Wani yaro ya cire takalminsa ya miƙa masa.

Abin da Mudi ya yi a minti arba'in da biyar ɗin nan ban taɓa ganin ya yi shi ba, ko a wasan kofi. Yaron da ya kwashe safiya a sunkuye, amma sai ka ce yanzu ya tashi daga barci. Ya yanke mutum uku ya ba wani ya ci. Can kusa da tashi aka matse shi ta hagu, 'yan baya sun san shi, sun rufe ƙafar. Sai ya juya ya ɗaga ta da dama daga wajen da'ira, ta shige ta saman kusurwa, gola ko motsi bai yi ba. Damar nan tawa ce, ni na gina ta a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Jami'in ya miƙe tsaye ya cire tabarau. Lawali ya ruga cikin fili ya rungume yaron da lakarsa da komai, na ji shi yana gaya wa jami'in, wannan nawa ne. Hawaye ya taru mini, kuma har yau ban san ko na alfahari ne ko na baƙin ciki ba. Aka ba Mudi fom, aka ce Juma'a ta mako biyu za a rufe.

Ran Litinin labarin gona ya iso mana. Da aka gama shan fura makaɗi ya ɗauki kirarin Mudi, shiru. Ya sake, shiru. Wani ya ce ai ya ga ƙeyarsa a kan keke, ya tafi ƙwallo. Samarin wata tunga suka saɓa fartanya suka ce su ma suna da abin yi a gida. Sauran suka ɗan taɓa don idon tsoho, kafin azahar an watse, kusan rabin gona a tsaye, tuwo ya yi kwantai. Malam Ummaru bai daki yaron ba, bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi babu ƙwallo, babu kwaleji, kuma yatsansa ba zai taɓa takardar nan ba.

Lawali ya baro aikinsa ya je tungar sau biyu, ya dawo hannu rabbana. A dawowa ta biyu ya biyo ta gidana da fom ɗin a cikin ambulan. Ya ce tsohon ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, amma ya ce ba shi da magana da baƙo a kan ɗansa. Ya ajiye ambulan a kan tabarma ya ce, Maigida, kai kaɗai zai ji. Na ce zan duba.

Ban duba ba. Kwana da kwanaki ambulan ɗin yana ƙarƙashin littafin rajista. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: daɗi nake ji. Ga mai digiri, ga mai farar mota, ya je sau biyu an sallame shi kamar mai tallan magani, ya dawo yana roƙon Malam Gems. Duk safiya sai in ce gobe. Mudi kuwa ya daina zuwa fili gaba ɗaya.

Ran Talatar makon rufewa matata ta dawo daga gidan suna, ta ajiye mayafi ta ce ta haɗu da innar Mudi. Yaron ya fara bin samari wurin haƙar zinare, kwana uku ke nan, da igiya ake zura shi. Wannan yanki kuma kun san abin da ƙasar zinare ta yi wa gidaje a shekarun baya, yadda gubar dalma ta cinye yara, innar tasa ba ta iya maganar ba sai kuka. Matata ba ta san ni na zaɓi ranar gwajin ba, amma shekara talatin muna tare, ta san fuskata. Ta ce, kai da Lawali kuke faɗanku, ɗan mutane ne a cikin rami. Na yi mata tsawa na ce ta bar shiga aikin gwamnati. Tuwon ranar dai ban iya cinsa ba.

Da sassafe ran Laraba na ɗauki ambulan da tawadar dangwale daga ofis na hau babur. A gona na samu Malam Ummaru, shi da ƙananan 'ya'yansa biyu, suna fama da ɓangaren da gayya ta bari. Ciyawa ta kai gwiwa, geron wurin ya yi ja ya tsumbure. Ya ga ni ya saki fuska, ya goge hannu a riga, ya kai ni gindin wata bishiyar ƙirya muka zauna. Na fara da abin da na shirya a hanya, cewa yaro yaro ne, a yi haƙuri, wannan dama ba ta zuwa sau biyu.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, wancan yaron na kwaleji ya zo nan har sau biyu. Ya duƙa inda kake zaunen ga, ya ce laihinai na, shi yas sa rana, in yi hushi da shi in bar Mudi. Nac ce mai, kai baƙo na, ina kas san ranar gayyata? Wanda yas sani shi na Mudi. Da saninai yab bar ni cikin mutane da kalme ga hannu.”

Kun ji fa. Lawali ya ce shi ya sa rana. Shi da ya ba ni Asabar uku in zaɓa. Kuma ya zauna da Mudi, ba yadda za a yi yaron bai gaya masa ya nemi izinina tun Litinin ba. Ya san komai ke nan tun ranar da ya kalle ni a fili, ya je ya durƙusa a gaban tsoho ya ɗauki kayana ya ɗora a kansa, ya zo gidana ya ce mini Maigida. Kuna tsammanin kunya ce ta fara kama ni? Wallahi haushi ne. Kujera ya riga ni, yaro ya riga ni, yanzu har a mutunci ma ya riga ni.

Kuma ga ƙofa a buɗe. In na yi shiru ba mai tona ni, Lawali ya rufe, Mudi bai san komai ba. Sai dai tsohon ya riga ya yanke hukunci, laifin baƙo ba ya wanke ɗansa. Jibi za a rufe. Na dubi ciyawar nan, na dubi yaran biyu suna noma suna satar kallonmu.

Na ce, “Malam Ummaru, ba Lawali ya sa rana ba, ni na sa. Kuma na san ranar gayyarka ce, Mudi ya gaya mini tun kafin a tambaye ni. Rana uku aka ba ni, na zaɓi taka.”

Ya tambaye ni ko mantuwa na yi. Na ce a'a. Ya ce to don me. Na ce don kada Lawali ya tafi da shi. A bakina maganar ta fito ƙarama, kamar ta yaron da aka kama da hannu a tukunya, ni da furfurata.

Tsohon ya ɗauki fartanyarsa ya kankare lakar jikinta da wani tsinke, a hankali, har ta fita tas. Sannan ya ce in haka ne yaron ba shi da laifi. Malami uba ne, in uba biyu suka kira ɗa rana ɗaya, duk inda ya je ya amsa kira, laifin na wanda ya kira yana sane ne. Na so in ce ai ni cewa na yi ya tsaya gona, sai na ga wannan ma wata ƙaryar ce a cikin rigar gaskiya, na haɗiye. Ya miƙo hannu, na buɗe tawada, ya dangwala yatsa a inda na nuna masa. Ya aiki ɗaya daga cikin yaran ya je wurin haƙa ya kira yayansa.

Na miƙe ina godiya, ina neman gafara. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har na kai wurin babur sai ya kira ni, muryarsa ba hayaniya.

“Malam, na ba ka amana guda, ka gani abin da kay yi da ita. Waɗanga biyu za su yi boko in Allah ya so, amma ba su taka hilinka.”

Na hau babur na kama hanya. Ran Alhamis na kai fom ɗin kwaleji da kaina, na ba Lawali a ofishinsa mai fanka da kujerar juyawa. Ya duba dangwalen, ya ce ai ya san Maigida ne kaɗai zai iya. Na jira ya yi zancen rana, ko da habaici, in samu in numfasa. Har yau bai yi ba, kuma na san ba zai yi ba. Wannan shirun nasa ya fi mari zafi, kuma ina zargin ya sani.

Mudi ya shiga kwaleji, ya riƙe musu lamba goma sha ɗaya shekara uku, yanzu shi ma malamin wasanni ne a ƙasar Gummi. Ko'ina aka ambace shi sai a ce yaron Koci Lawali. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na warke ba. Kwanan baya aka ƙara wa Lawali girma, na buga masa waya na yi masa murna da addu'a mai tsawo, da na ajiye wayar na rasa abin da ke mini daɗi har yamma.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke farawa, shi ne aikin nan namu na sakandare reno ne. Yaron da ka rena da kyau wani ne zai tafi da shi, a kira shi da sunan wancan, kuma sau da yawa wancan ɗin ma kai ka rene shi. Ƙyashi zai zo, kada wani ya ce muku ba zai zo ba, mu masu fili mun fi kowa son a ce mu ne. Amma in ya zo ku san inda za ku ajiye shi. Wanda kake ƙyashi ba ya jin komai, yana can cikin motarsa. Wanda ke tsakaninku shi ke kwana a ciki, kuma kullum ɗan wani ne.

Ƙaramin ƙanen Mudi, Sani, ya shigo makarantarmu kafin in yi ritaya. Na sha tsayawa a tagar ofis lokacin hutun tara ina kallonsa a bayan azuzuwa, yana buga ƙullin tsumma da abokansa. Hagunsa ta fi ta Mudi, na rantse muku, ni na san abin da nake gani. In an tashi sai ya bi ta bayan katanga ya zagaye fili ya hau hanya. Har na bar aiki bai tako layina ba, ni kuma ban taɓa samun bakin kiransa ba.